Alhajin da ya sayi linzami kawai

Ku sababbin malamai, har gobe in na tuna ranar da Alhaji Ɗanjumma ya shigo wurin lesin ɗinmu a Ƙaura sai dariya ta ƙwace mini. Lokacin ina koyar da lissafi, ana saura wata uku jarrabawar shiga jami'a, wadda da kwamfuta ake yin ta.

Alhaji dillalin hatsi ne daga Birnin Tsaba. Ya zo da 'yarsa Ma'u, mai zuwa ta ɗaya a ajinsu, ya kuma faɗa mana sau ɗaya tak zai biya mata jarrabawar. In ta faɗi, maganar jami'a ta ƙare. Daraktanmu ya gyara murya ya fara jero darussan wata uku, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Malam, ni ba ni sayen buhu sai na soka na ga ƙwaya. Ku gwada mani ɗiyag ga, in ga abin da ta rasa."

Darakta ya ce in ba ta gwaji. Na fara da tambayoyin takarda, yarinya ta share su tas, har ta gyara mini wata amsa. Sai na zaunar da ita gaban kwamfuta, na ce, "Kama linzami ki zaɓi amsa." Haka muke kiran abin nan da ake ja da hannu a kan tebur.

Ma'u ta ɗaga shi sama, ta auna gilashin kwamfutar kamar mai canza tashar talabijin, tana ta dannawa. Da abin ya ƙi, sai ta ajiye ta hau shafa gilashin da yatsa kamar waya. Agogon gwaji yana ta tafiya, idonta ya cika da ƙwalla. Na ce a raina shi ke nan, Alhaji zai kwashe 'yarsa.

Sai kawai ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

"Ashe ta san hanya, dokin na ba ta iya riƙo ba! Malam, linzamin ga nawa na? Shi kaɗai nika saye."

Darakta ya yi ta lallashi, Alhaji ya kafe: karatu akwai shi gida, ba ya sayen abin da yake da shi. Aka tsaya a kan sati biyu na linzami zalla, darakta yana hararata kamar ni na kitsa.

Ranar da sakamako ya fito, Ma'u ta wuce duk 'yan wata ukunmu. Na yi tsalle a ofis har na ture kujera. Alhaji ya aiko mini da kwanon gero, ya ce ladan mai horon doki.

Tun daga nan, in iyaye suka tambaye ni ko lesin yana da amfani, sai in ce yana da shi, amma ba kowane yaro ke bukatar buhun duka ba. Ku fara sokawa ku ga abin da ya rasa, ko da darakta zai yi sati bai amsa muku gaisuwa ba.