Matar Sarkin Suwidin da Kabarin Mijina

Ban san ana hayar kabari ba sai da na koyi karatu. Ina da shekara hamsin da biyu lokacin, ina zuwa ajin manya a Bobigny, gefen Paris, kafin in wuce wurin shara. Da idona ya fara kama baƙi, sai na buɗe gwangwanin biskit ɗin da nake tara takardu a ciki, na ce bari in ga abin da na yi shekaru ina ajiya. Takarda ta uku ta kabarin mijina ce. Na bi ta da yatsa har na kai inda aka rubuta shekara goma sha biyar. Shi kuwa a ranar ya shekara sha tara a ƙasa.

Aikin masana'anta ya yi a Saint-Fons, kusa da Lyon, har ƙirjinsa ya gaza. Ranar da aka kai shi ban bi ba, mu mata ba ma bin gawa. Yayansa Alhaji, mai shago a Belleville, shi ya zo daga Paris ya yi komai, ya miƙo mini takarda ya ce in ajiye. Na gama takaba na ɗauki 'yata muka koma Paris. A garinmu kabari ba shi da wa'adi. Wa zai gaya mini na nan yana da shi? In ma sun aiko wasiƙa, gidan da na bari ta je.

Na hau jirgin ƙasa na tafi Lyon, na shiga maƙabarta karo na farko a rayuwata. A lambar da ke kan takardata na tarar da dutse sabo da sunan wani mutum. Mai gadi ya ce in je meri, ofishin magajin gari, can littafin yake. Ban je ba. Matan ajinmu sun riga sun gaya mini abin da ake yi in wa'adi ya cika ba a sabunta ba. Ko dai a kwashe ƙasusuwan a sa a ɗakin ƙasa na kowa da kowa, ko a ƙona su. Na tsaya a bakin titi na ga ba zan iya jin na biyun ba.

Na kira Alhaji. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, ka san kabarin ƙanenka na wa'adi ne?"

"Hajiya, wannan karatun naki tada hankali kawai zai jawo. Ƙasa duk ta Allah ce."

"Wuta ma ta Allah ce, amma ban ga kana son a sa ka ciki ba."

Ya ce shi ma sa hannu kawai ya yi inda aka nuna masa. Na yarda da shi, kuma ban yafe masa ba.

Shekara uku na yi ina ɗauke da wannan. A cikinsu 'yata ta yi aure a Lyon, na bi ta, na samu aikin kula da wata tsohuwa. 'Yar ƙasar Suwidin ce, ta auri Bafaranshe, ya rasu ya bar ta a bene na huɗu. Idanunta sun mutu, bakinta kuwa lafiya lau. Don wanka da girki aka ɗauke ni, amma da ta gane ina karatu sai ta nuna mini kwalayen takalma jere a kan kantar bango, cike da ƙananan katuka. Shekara arba'in ta yi tana bin sawun mace guda, matar wani sarkin ƙasarsu da ta rayu wajen shekara ɗari takwas baya. Ta rubuta katukan da Faransanci don mijinta ya riƙa duba mata. Yanzu ni ce zan karanta.

Karatuna na tafiyar tsohuwa ne. Takan ce, "Madam, kafin ki gama layin nan sarauniyar ta sake mutuwa."

In ce, "To ki karɓa ki karanta da kanki."

Sai ta yi dariya har ta yi tari.

Abin da aka sani game da matar kaɗan ne. 'Yar wani sarki ce daga ƙetaren teku, aka kawo ta ƙasar da ba ta jin yarenta. Ta haifi 'ya'ya, wasu suka mutu tun suna goye. A zamanin gidaje biyu ne ke ƙwacen sarauta, wannan ya kashe na wancan ya hau, ɗan wancan ya girma ya rama. Mijinta ma haka ya ƙare, kwanton ɓauna aka yi masa a hanya. Ta gudu da ɗanta namiji ƙasar iyayenta don kada a haɗa da shi. Marubutan lokacin sun ambace ta sau kaɗan, 'yar wane, matar wane, uwar wane. Ko sunanta ba su daidaita a kai ba. Ranar haihuwarta babu, ranar mutuwarta babu.

Takarda guda ce tsohuwar ta ce ta fito daga bakin matar kanta. Da ƙura ta lafa ta dawo, ta ba wani gidan masu zuhudu gonaki, irin mazan da suka bar duniya suka zauna ibada. Sharaɗinta shi ne su kula da kabarin mijinta, su riƙa yi masa addu'a, in ta mutu su sa ta kusa da shi, har abada. Kalmar har abada tana cikin takardar. Na karanta ta sau biyu.

Na ce, "Wannan ta fi ni wayo. Ta san a ƙasar Turawa sai ka ɗaure kabari da takarda."

"Ɗauko katin da ke biye."

Katin da ke biye ya ce bayan 'yan ɗaruruwan shekaru wani sarki ya kori masu zuhudun, ya karɓe gonakin, ya sa aka kwashe duwatsun ginin a kan amalanke aka je aka yi ganuwa da su. Har duwatsun kaburbura. Tsohuwar ta je wurin sau da yawa. Ciyawa ce da guntayen bango. Ba wanda ya san inda sarkin yake, balle matarsa.

Na ajiye katin. Ban san lokacin da na fara ba ta labarina ba, ni da ko 'yata ban gaya wa ba. Na zaci za ta lallashe ni. Sai ta buga sandarta a ƙasa.

"Ni na ƙarar da idona ina neman wadda ba ta da littafi ko ɗaya. Ke naki littafin yana nan, bas guda ce tsakaninku, kin zauna kina karanta mini matattun wasu?"

"In an ƙona shi fa?"

"To an riga an ƙona shi. Zamanki ba ya kashe wutar."

Na zage ta da Hausa. Na dafa mata miyarta, na wanke tukunya, washegari na shiga bas.

Matar da ke meri yarinya ce, ta nemi takardar aure da katin shaidata, ta tafi ta daɗe. Ta dawo da babban littafi za ta karanta mini. Na ce ta juyo shi wajena. Na sa yatsa na gangara har na ga sunansa, an ma rubuta shi daidai. A gabansa kalma guda ce da lamba. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, bakina yana motsi, yarinyar tana jira. Ɗakin ƙasusuwa. Ba a ƙona shi ba. An sa shi a ƙaramin akwatin katako da sunansa a jiki.

Na tambaya ko zan iya karɓarsa in kai shi gida. Ta ce wanda ya shiga can ba a saba fito da shi ba, kada ta sa mini rai.

Wurin yana ƙarshen maƙabarta, kusa da famfon da mutane ke ɗiban ruwan furanni. Faifan siminti ne da murfin ƙarfe a kulle. Yana ƙasa tare da ɗaruruwan mutane, Kirista da Musulmi da waɗanda ba su yarda da komai ba, akwati a kan akwati. Ban san ko fuskarsa na duban gabas ba. Ban san ko da sauran fuska ba. Na tsaya na karanta masa abin da na iya, wani mutum yana cika bokiti a bayana.

Kafin in hau bas na koma meri na roƙi farar takarda. Na rubuta da hannuna cewa ni Musulma ce, ban yarda a ƙona ni ba, yanzu ko bayan shekara nawa, kuma shi ma haka. Rubutun ya karkace, layi huɗu suka ci mini rabin awa. Yarinyar ta buga hatimi, ta yi mini kwafi biyu. Ɗaya na kai wa 'yata a ranar, na zaunar da ita, na gaya mata inda ubanta yake.