Shuɗiyar Kwalbar Casimir

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Casimir Dembeck ya rasu a gidansa na Baltimore bayan doguwar jinya. Daga Allah muke, gare shi kowa zai koma. Caz, abokin haƙana, yau ni Rufus nake rubuta maka ta'aziyya, kuma raina a ɓace yake.

Tun muna da ƙarfinmu muke bin kangayen birnin nan, muna tone tsofaffin masai don neman kwalaben da mutanen zamanin baya suka zubar. Kai ne mai sandar ƙarfe ta neman toka, alamar tsohon masai. Ka soka ta a ƙasa, ka shinshina bakinta, ka ce, "Toka ce, Rufus, ɗauko bokiti, ragon banza." Ba ka taɓa shiga filin wani ba tare da izini ba, ba ka taɓa barin rami a buɗe ba. Tsohuwar da ta bar mu muka haƙa bayan gidanta, sai da ka dasa mata tumatir a wurin.

Al'adarmu, in an gama a jera kwalaben a ƙasa, a cilla kwandala sama, wanda ya canka ya fara zaɓa. Ranar da ka fito da shuɗiyar kwalbar nan ta maganin tari, ni na canka, na ɗauke ta. Shekara da shekaru in ka zo gidana sai ka tsaya gabanta ka ce, "Ɓarawo, ka dai riƙe min ita da kyau."

Ka yi wasiyya a kai kwalabenka ɗakin karatu na unguwa, yara su san su wa suka zauna nan kafin su. A gabana ka faɗa wa ɗanka Darren, ya ce to.

Gawarka ko binnewa ba a yi ba na je kwasar su, na tarar da kantoci wayam. Darren yana tsaye da dillalin gida. Ya ce, "Haba Kawu Rufus, tarkacen masai ne fa. Motar shara ta kwashe tun jiya."

Tarkace! Abin da ubansa ya karya bayansa yana ceto daga cikin ƙazanta, shi ya mayar juji a wuni guda. Wallahi ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarinka ba.

Ɗakin karatu bai samu ko murfi ba. Shuɗiyar kuwa, ranar jana'iza na sa maka ita a aljihun kwat kafin a rufe akwatin. Wannan karon ba a cilla kwandala ba.

Allah ya jiƙanka, Caz, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Ina yi wa ƙanwarka Halina da jikokinka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Darren ma ina yi masa, domin bai san abin da ya rasa ba.