Dattijon da ya warke sau biyu

Jama'a, yau na ga mutumin da ya warke sau biyu.

Kun tuna ƙwayar ƙarin lafiya da na saya wa Yaya Hadiza a mota? Mai tallar ya ce tana kashe ciwon suga. Ban yarda ba, sai da wani dattijo cikin fasinjoji ya miƙe ya rantse da Hausa cewa ita ta warkar da shi. Na ce ai na gida ba zai cuce ni a Kudu ba. Ni na sa Yaya ta ajiye maganin asibiti.

Ɗazu na hau mota a tashar Upper Iweka, zan je Inugu duba ta. Sai ga mai tallar nan. Sai ga dattijon ya miƙe, yau da jar hula, yana rantsuwa da yaren Ibo wai a da makaho ne, ƙwayar ta buɗe masa ido!

Na matsa na ce, "Baba, ina sugan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗana, sana'ata ce. Ban taɓa haɗiyarta ba."

Yanzu ina asibiti. Gobe za a yanke wa Yaya yatsun ƙafa biyu. Ita kuwa sai tambayata take ko na zo mata da sabuwar kwalba.