Yaya Isiyaku da Akwatin Bango

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, wanda mutanen Tudun Wada suka fi sani da Isiyaku Mai Wuta. Rabin rayuwarsa a gaban tanderu ya yi ta, a wata masana'anta da ke narka ƙarfe tana zuba haƙoran injin niƙa. Aikinsa shi ne ya leƙa ta wata 'yar kafa, ya dubi launin wutar, ya ƙara mai ko ya rage. Tun ina yaro ban taɓa ganinsa da cikakkiyar gira ba.

Wata shekara masu wurin suka kawo na'ura. Wani siririn sanda aka soka cikin tanderun, shi ke jin zafin ya sanar da wani akwati a bango. An riga an saita wa akwatin zafin da ake so. In wuta ta yi ƙasa ya buɗe bututun mai, in ta kusa kaiwa ya fara tsuke shi tun kafin ta zarce. Aka ce Yaya ya zauna ya sa ido kawai.

Ranar farko ya leƙa, wutar ba ta yi masa ba, ya zagaya ya buɗe famfon hannu da aka bari don ko-ta-kwana. Sandan ya ji zafi ya ƙaru, akwatin ya tsuke nasa bututun. Yaya ya ƙara, akwatin ya rage. Haka suka wuni, har zubin ranar ya lalace gaba ɗaya.

Da yamma ya shigo gidana sharkaf da gumi.

"Garba, abin nan taurin kai gare shi. Duk abin da na yi sai ya warware."

Na ce, "Yaya, ai shi ma ƙarar da zai kai ke nan."

Ya daɗe bai amsa gaisuwata ba.

Manaja ya ce ko ya bar famfon ko ya bar aikin. Ga iyali cike da gida, ya bar famfon. Daga nan duk wanda ya tambaye shi matsayinsa sai ya ce yana da yaro ɗaya a ƙarƙashinsa, ba ya gaisuwa amma ba ya makara.

Yanzu 'yarsa Bilkisu injiniya ce, tana zaune a falo take duba zafin tanderun wurin aikinta a waya. Nakan yi tunanin abin da zai ce. Ina jin zai karɓi wayar, ya shafa bayanta, ya ji ba ɗumi, ya miƙa mata ya ce ana yaudararta.

Masana'antar ta canza hannu, akwatin ma an daɗe da cire shi. Halin Yaya ne ya ƙi tafiya. Bara da muka taru yi masa addu'a, 'ya'yansa suka kewaye tukunyar shinkafa, kowa na faɗin yadda za a gyara itacen. Mahaifiyarsu, Inna Talatu, ta ɗaga ludayi ta ce, "Ku matsa. Ubanku ma, da duk wutarsa, bai taɓa taɓa min murhu ba."

Suka matsa. Allah Ya sanyaya makwancinka, Yaya.