Goyon Maganin Gyambo

A tashar Madawa wata tsohuwa tana zaune kan buhun albasa, ta rungume kwalabe ukku cikin zane. Yatsunta duk sun rine da bagaruwa. Ina zaton tun tana budurwa take dakanta. Direba yana cewa a aza kayanta bisa mota.

"Bisa mota? Cikin ranar nan? Ɗana, kana lafiya?"

Maganin gyambo ne, in ji ta. Yamai za ta kai shi, masana su ɗiga shi kan ƙwayoyin cuta. In sun mutu, a ba ta takardar izinin saidawa. In ba su mutu ba, shi ke nan, ta bar sana'ar. Tana faɗi tana dariya, kamar ba da shi take ci da jikoki ba.

Ni haushi ke cina: ga wani ƙato can da lasifika, yana rantsuwa garin maganinsa na kashe cuta arba'in, ba wanda ya taɓa auna shi!

Direba ya nace. Sai ta miƙe, ta goya kwalaben, ta ɗaure zane tamau.

"To, jinjiri ma bisa mota kake aza shi?"