Tabarmin da Yaya ya shimfiɗa wa inji

Duk Illela babu wanda bai san kukan motar yayana ba. Wata tsohuwa ce ja mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na gogar ƙasa, wadda ya sayo a Ƙonni hannun wani Bature mai shirin komawa gida. A garin da ake auna mota da buhunan albasar da za ta ɗauka, ita ko akuya ba ta da wurin zama a ciki. An yi masa dariya, ni ma na taya. Amma da Inna, mahaifiyarmu, ta jiyo gurnaninta daga kwanar kasuwa, sai ta miƙe ta zuba masa ruwan wanka.

Da injin ya buga, Yaya ya ƙi kai ta gareji. Ya shimfiɗa tabarmi a zaure ya kwance shi da hannunsa. Duk ƙarfen da ya cire sai ya ajiye shi gaban wanda ya riga shi fita, daga bakin ƙofa har bango, don ranar haɗawa ya biyo layin da baya. "Kowa yat taɓa min tabarmin ga, ni da shi," in ji shi.

Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin sababbin fistin da ya saya wa injin su iso. Ranar da aka kai shi, masu gaisuwa suka cika ƙofar gida, shimfiɗa ta yi kaɗan. Kawunmu, da kyakkyawar niyya, ya juye ƙarafan a daro, ya kakkaɓe tabarmin ya shimfiɗa wa baƙi. Ina karɓar gaisuwa ina jin warin baƙin mai a ƙarƙashina.

Da aka zo rabon gado, aka ce a sayar da motar ga masu sayen tsohon ƙarfe. Na ƙi. So nake in sake jin kukan nan ko sau ɗaya, don muryar Yaya ta fara ɓace mini kuma hakan na ba ni tsoro.

Na kira wani bakanike abokinsa. Muka mayar da tabarmin zaure, sai ga tabon mai ya zana siffar kowane ƙarfe a inda ya kwanta. Muka riƙa ɗora ƙarfe kan tabonsa. Sau tari nakan waiwaya, ina jin kamar Yaya na tsaye a bayana zai ce ba nan ba ne.

Da muka gama haɗa injin, wata Juma'a bayan la'asar na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama. Bakaniken ya kau da kai yana share ido da gefen riga.

Ta ƙofar zaure na hango Inna ta ratsa tsakar gida da bokiti, tana sauri irin na dā. A bakin banɗaki ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon ruwan.

Na kashe motar. Tana nan a rumfa har yau, lafiyarta ƙalau, ban sake tayar da ita ba.