Kifin Farko na Maƙwabci Ne

Assibi na tsakiyar yi wa wata mata kitso wayarta ta yi ƙara. Kader ne, ɗan ƙawarta Kouloussoum, direban babbar mota. Tana jin motoci na wucewa ta bayansa.

"Anti, Mama ta rasu."

Da hantsi aka same ta a bakin tafki, zaune a kujerarta, sandar fatsa a cinya. Likita ya ce zuciya ce. A cikin kularta akwai tarwaɗa ɗaya rak, an naɗe ta a leda. Assibi ta yi salati, sannan ta ƙarasa layin kitson da ta fara, don ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Kouloussoum 'yar masunta ce daga Gaya. A bakin kogi ta tashi, amma mahaifinta bai taɓa barin 'ya mace ta taka kwale-kwale ba. Nata shi ne ta jira a tudu, ta gyara kifi, ta yi banda har idanunta su yi ja. Ta biyo mijinta Hamidou zuwa birnin Greensboro a ƙasar Turawa, ta shekara goma sha tara tana ninke zannuwan gado a wani otel. Shi ya zaɓi gidan McLeansville, can gefen gari, saboda filin da ke bayansa, wai zai shuka kuɓewa. Damina biyu ya yi a ciki Allah ya karɓi abinsa. Kader kuma kullum yana hanya. Gida ne da ko atishawa ka yi ba mai ce maka yarhamukallah. Ranar Juma'a tana ganin mutane a masallaci. Ranar Asabar kuwa, ita da ƙarar firigo a kicin.

Wata rana ta ga takarda manne a wurin aiki: za a koya wa mata zalla kamun kifi da kafa tanti a wani tafki can gaba da Summerfield. Ta roƙi Assibi ta raka ta.

"Ni 'yar Maraɗi? Ruwan da ya wuce bokiti ba ruwana da shi."

Ita kaɗai ta tafi, da hijabinta, shekararta hamsin da huɗu. Da malamar, wata Baturiya mai furfura, ta fara nuna musu yadda ake hura wuta, Kouloussoum ta yi dariya har da hawaye, ta karɓi ashanar ta hura musu. Amma da aka miƙa mata sandar fatsa sai abin ya gagare ta. Sau shida tana jefawa ƙugiyar na maƙalewa a ciyawa. Malamar ta riƙe mata gwiwar hannu, suka jefa tare. Kafin azahar tarwaɗa ta ci tanar da ke ƙugiyarta.

Sauran matan hoto suke ɗauka da kifinsu su mayar ruwa. Ita ta rungume nata. Gida ta nufa da maganar mahaifinta a kunne: kifin farko masunci ba ya ci, na maƙwabci ne, wanda ya rasa mai karɓa, ba shi da mutane, ya ajiye fatsa.

Ta taka har gidan da ya fi kusa da nata, ta danna ƙararrawa. Kare ya yi haushi. Ba a buɗe ba, sai wata murya ta fito daga 'yar na'urar jikin ƙofa tana cewa ba sa sayen komai. Ta jima a tsaye da kifi a hannu. Daga nan ta shiga mota, ta ƙetare gari zuwa Pleasant Garden, ta buga ƙofar Assibi.

Haka ta zama, shekara uku. Duk Asabar ɗin da ba sanyi, Kouloussoum na bakin ruwa ita kaɗai. Matan ajin kowa ta kama gabanta, saura gaisuwa ta waya. In la'asar ta yi sai ga tsohuwar motarta a ƙofar Assibi. Ta sha shayi, ta ba da labarin kifin da ya tsinke, wanda kullum ya kai cinyar mutum girma, ta yi ta jan zance har hasken rana ya kusa ƙarewa.

Bayan an kai ta makwancinta, Assibi ta dawo gida ta buɗe firigo. Ga kifayen nan a jere, leda kan leda. Ba ta taɓa gaya mata ba cewa ita kifi bai dame ta ba. Ta jingina da ƙofar firigon tana kuka, tana tuna Asabar ɗin da ta wuce.

Ranar ta yi kitso uku, bayanta kamar zai tsage. Ta tare Kouloussoum a bakin ƙofa.

"Yaya Kulu, don Allah ki huta da kawowa. Wallahi firigo ya cika."

Kouloussoum ta dubi ledar, ta dube ta. Ba ta yi fushi ba. Muryarta ce kawai ta yi ƙasa.

"To wa zan kai wa? Ke kaɗai ce maƙwabciyata a ƙasar nan."

Kunya ta kama Assibi. Ta yi maza ta karɓe ledar, ta mayar da abin wasa.

"Maƙwabtakar minti arba'in a mota?"

"Ai kusa ne," in ji Kouloussoum, tana cire takalmi. "Ɗora mana shayi."